Karatun nazarin jinsi a jami'a: amsa ga ɗalibar da mahaifinta ke ɗari-ɗari

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare ta aiko da wannan tambaya: "Malama, ina son in karanta nazarin jinsi da adalcin zamantakewa a jami'a, saboda abin da nake gani yana samun mata a unguwarmu, musamman zawarawa da 'ya'yansu. Babana ya ce karatun 'yan boko aƙida ne, ana koya wa mata raina maza da addini, kuma ko an gama babu aikin yi. Me ake koyarwa a ciki? A ina ake yinsa? Da gaske ne babu aiki?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Ga shawarata tun daga farko, dalilai su biyo baya: ki yi wannan karatu, amma kada ki fara da shi. Ki yi digirinki na farko a fannin da zai bar miki sana'a a hannu, kamar lauya, ko tattalin arziki, ko ilimin zamantakewa, ko kiwon lafiyar al'umma, ko koyarwa. Idan kin gama kin yi bautar ƙasa, sai ki ɗora nazarin jinsi a difloma ta gaba da digiri ko a digiri na biyu. A tsawon wannan lokaci kuma kada ki saki karatun addini, musamman babin aure da saki da gado a fiƙihu. A shekarun da na yi ina koyar da ilimin zamantakewa, ɗaliban da na ga sun amfani mutane da wannan fanni su ne waɗanda suka zo shi da wani ilimin a hannunsu, kuma suka san al'ummarsu ciki da bai.

Abin da fannin yake yi bai da wuyar faɗa. Yana bin diddigin yadda al'umma ke raba aiki da dukiya da iko da haɗari tsakanin maza da mata, ya auna wa ke ɗauke da wane nauyi, wa ke cin wace moriya, sannan ya tambaya ko rabon ya yi adalci. Bambancin halitta kowa ya san shi, mace ce ke haihuwa da shayarwa. Amma wa zai je ɗibar ruwa, wa za a cire daga makaranta idan kuɗi ya gaza, da sunan wa za a rubuta takardar gona, wa zai ce a kai mai naƙuda asibiti, waɗannan mutane ne suka tsara su, shi ya sa suke bambanta daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani. A ƙasar Yarabawa mace ce ke riƙe da kasuwa. A wasu garuruwanmu matar aure ba ta taka kasuwa, amma tana sana'a a cikin gida, 'yarta na kai mata talla. Duka biyun tsari ne, kuma kowane tsari ana iya auna amfaninsa da cutarwarsa.

Bari in nuna miki yadda aikin yake a zahiri, don mutane da yawa sun ɗauka zama ake yi a aji ana zagin maza. Akwai aikin da nake ba ɗalibai: kowa ya samu gida ɗaya, da izinin maigidan da na matar, ya rubuta abin da kowane mutum a gidan ya yi tun daga kiran assalatu har zuwa kwanciya, sa'a bayan sa'a. Sai ɗalibi ya dawo da takarda cike. Matar ta tashi kafin asuba ta hura wuta, ta ɗumama tuwo, ta yi wa yara wanka, ta surfa gero, ta aika a kai niƙa, ta soya ƙuli-ƙulin sayarwa, ta ɗora sanwar rana, ta wanke kayan surukarta da ba ta da lafiya, ta ba awaki dusa, ta zuba adashi da yamma, ta tuƙa tuwon dare. Amma da aka tambayi maigidan sana'ar matarsa, sai ya ce ba ta aikin komai, zaman gida take. Ba ƙarya yake nufi ba, haka aka saba ƙirgawa. Matsalar ita ce idan jami'in ƙididdiga ma ya rubuta haka, to ranar da gwamnati za ta raba rancen masu ƙananan sana'o'i ko takin zamani, wannan mata ba ta cikin lissafi. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, Ester Boserup, ta nuna tun 1970 cewa shirye-shiryen raya ƙasa a Afirka suna ba maza horo da kayan aiki alhali a wurare da yawa mata ne ke yin kaso mai yawa na noman abinci. Daga irin wannan bincike ne aka samu reshen da ake kira jinsi da ci gaba.

Ga wani misalin da ya fi taɓa zuciya. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Likita zai gaya miki abin da ke kashe su: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ciwon da ke shiga bayan haihuwa. Duk ana iya maganinsu idan an zo da wuri. To me ya hana zuwa da wuri? A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa jinkirin gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ki dubi na farkon da kyau. Mace tana durƙushe tun dare, ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta, mijin ya tafi ci-rani wayarsa ba ta shiga, uwar miji ta ce ita ta haifi tara a ɗaki, ƙanin miji ya ce ba shi da hurumin fitar da matar wansa, kuɗin mota kuma yana aljihun wanda ba ya nan. Kafin a cim ma matsaya gari ya waye, rana ta take. Idan ta rayu, watakila da yoyon fitsari, ta ƙare a asibitin Babbar Ruga na Katsina ko asibitin Murtala na Kano, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana yi wa dubban mata aiki. Wannan jinkiri na farko babu allurar da ke maganinsa. Maganinsa a zauna da mazaje da limamai da masu unguwanni a samu izini tun ciki yana ƙarami, a ware kuɗin mota, a san direban da za a kira. Wanda zai tsara wannan ya kuma auna ko ya yi aiki, shi ne mutumin da ake horarwa a fannin da kike so.

Kashi na biyu na sunan, wato adalcin zamantakewa, shi ke hana fannin tsayawa a kan mace da namiji kawai. Wata lauya Ba'amurkiya, Kimberlé Crenshaw, ta yi rubutu a 1989 a kan shari'ar wasu mata baƙar fata da kamfanin General Motors ya sallama. Kotu ta ƙi sauraron kukansu a matsayinsu na mata baƙaƙe, tunda kamfanin yana ɗaukar mata, kuma yana ɗaukar baƙaƙe. Sai dai matan da yake ɗauka farare ne, baƙaƙen kuma maza ne, su waɗannan sun faɗa tsakani. Darasin ya shafe mu kai tsaye. 'Yar farfesa a Kano da gurguwar yarinya a ƙauye da bazawara a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri duk mata ne, amma ba kuka ɗaya suke yi ba, kuma ta farkon ta fi mazan ƙauye da yawa gata. Haka nan almajiri ɗan shekara bakwai da ke yawo da roba ba takalmi, an tura shi ne saboda shi namiji ne, ana ganin wahala za ta gina shi. Saurayin da kuɗin lefe ya hana shi aure, magidancin da ake auna mutuncinsa da abin da ya shigo da shi gida alhali kasuwa ta mutu, matasan da ƙwaya ta cinye, duk suna cikin abin da muke nazari. Ina da ɗalibai maza, kuma wasu daga cikin kundayen bincike mafi kyau da na duba su ne suka rubuta, don suna shiga majalisar da mace ba za ta zauna ba.

Yanzu ga tsoron Baba, kuma kada ki raina shi, don ruwa ba ya tsami banza. Fannin a siffarsa ta jami'a a Amurka ya fara, shirin farko na nazarin mata an buɗe shi a jami'ar San Diego State da ke jihar California a 1970, kuma ya taso ne daga gwagwarmayar matan can da matsalolinsu. A jami'o'in Turai da Amurka a yau, wani babban sashe na karatun ya shafi masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, da ra'ayin masana irin su Judith Butler da ke ganin zama mace ko namiji abu ne da al'ada ke ginawa ta hanyar maimaita ɗabi'u. Za ki ci karo da waɗannan rubuce-rubuce ko a nan gida, don ba a zama masani a fanni ba tare da sanin muhawarar da ke cikinsa ba. Amma karanta ra'ayi daban, karɓarsa daban. Matsayin addininmu a kan waɗannan al'amura a bayyane yake, dokar ƙasa ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya ma haka, kuma ban taɓa ganin an kayar da ɗalibi a wurinmu don ya yi wa wani ra'ayi raddi da hujja ba. Su kansu masanan Afirka ba su haɗiye komai ba. Ifi Amadiume a kan Inyamurai a 1987, da Oyeronke Oyewumi a kan Yarabawa a 1997, sun yi jayayya cewa ma'aunin Turawa bai dace da al'ummominsu ba, Oyewumi ta ce a tsohon tsarin Yarabawa girman shekaru ya fi bambancin mace da namiji nauyi. Akwai masu sukar su su ma, kuma haka ilimi yake tafiya.

Akwai kuma gaskiyar da zan faɗa ko da abokan aikina ba za su ji daɗi ba. Wasu da suka yi wannan karatu suna komawa gida da kalmomin da suka haddace a taron bita, su tsaya gaban dattawa suna magana kamar su ne suka fara gano zalunci a duniya. Irin waɗannan su suka ɓata wa fannin suna, kuma matan da suke cewa suna karewa su ke kwana a ciki, don da zarar an ce abu na Turawa ne an rufe ƙofa ke nan.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba aro muka yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya caccaki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jajis, manyan mata amintattu, ta ba su malafa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koyar. Ki lura da dabarar, ta zaɓi tsofaffi da 'yan mata ƙanana su yi tafiyar, don su ne al'ada ta yarda su fita, ta haka ilimi ya isa ga matan da ke cikin kulle ba tare da an yi faɗa da kowa ba. A zamanin siyasa kuma ga Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka ɗaure sau da dama tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa sai a 1976 aka ba su dama, suka shiga babban zaɓe a 1979. Ƙungiyar Women in Nigeria daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982 ta samo asali. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, an kafa ta a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Ki karanta wannan tarihi kafin ki karanta na kowa.

Dalilin da ya sa nake nanata fiƙihu zai fito miki a shari'ar Amina Lawal. A 2002 wata kotun shari'a a Bakori ta jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Duniya ta ɗauka, takardun koke suka yi ta yawo a intanet, wasu ma da bayanan da ba daidai ba. A 2003 ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda Dokta Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta fito ta roƙi masu wannan kamfe na waje su dakata, don suna iya harzuƙa mutane su jefa matar cikin ƙarin haɗari. Abin da ya kuɓutar da ita a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina a watan Satumba na 2003 hujjoji ne daga cikin shari'ar kanta, waɗanda lauyoyinta, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka gabatar: cewa tana da damar janye iƙirarinta, cewa alƙali ɗaya ya zauna a inda doka ta ce uku, da kuma cewa a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya har tsawon shekaru, saboda haka ana iya jingina shi ga tsohon mijin. Wanda bai san Risala da Mukhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya, ba, da me zai tsaya a wannan kotu?

Zawarawan unguwarku da suka sa ki wannan tunani, yawancin haƙƙin da aka danne musu shari'a ta riga ta ba su shi. Mace ta yi idda a ɗakinta, mijin ya ciyar da ita, amma sai a kore ta da daddare da takarda a hannu. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ciyarwa tana kan uba, amma sai a ƙwace yaran ko a bar mata su ba ko sisi. Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya mace kasonta na gado, ta yanka wa matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, amma sai 'yan'uwa maza su riƙe gona su ce ai ita tana gidan wani. Aikin mai nazarin jinsi a nan shi ne ya je kotuna ya duba rajista, ya ga ƙarar ciyarwa nawa aka shigar, nawa aka yanke, nawa aka ce a biya, nawa aka biya da gaske, mata nawa suka janye don kuɗin mota ya ƙare ko don an ce sun tona asirin gida. Idan kin kai wa majalisar dokoki ko fadar sarki irin waɗannan alƙaluma, babu mai ce miki 'yar boko aƙida.

Ɓangaren dokar ƙasa ma za ki karanta shi, kuma akwai abin dubawa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1985, ta amince da ta Maputo ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata a 2004. Dokar haƙƙin yara ta fito a 2003, wasu jihohi sai da suka kwashe kusan shekara 20 kafin su yi tasu. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 a Abuja kaɗai ta fara aiki, sai jihar da ta ga dama ta ɗauka. Sashe na 26 na tsarin mulki ya ba matar da ɗan Najeriya ya auro daga waje damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, bai ba mijin 'yar Najeriya ba. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, amma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, kuma majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 mata 4 ne a cikin kujeru 109. Maƙwabciyarmu Nijar ta bi wata hanyar, ta yi dokar ware wa mata kaso tun 2000, kashi 10 na kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Shin kaso yana sauya rayuwar matar ƙauye, ko matan manya kawai yake ƙara wa kujera? Tambaya ce da ta cancanci kundin digiri na biyu, kuma mai jin Hausa tana iya yin binciken a Katsina da Maraɗi ba tare da tafinta ba.

Batun inda ake yi kuwa, a yawancin jami'o'inmu a matakin gaba da digiri ake samunsa, ko a matsayin kwasa-kwasai cikin sashen ilimin zamantakewa, kimiyyar siyasa, tarihi, adabi da lauya. Jami'ar Bayero ta Kano tana da Cibiyar Nazarin Jinsi. Jami'ar Ibadan tana da cibiyar bincike da adana bayanai kan mata da Farfesa Bolanle Awe ta jagoranci kafawa a 1987. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tana da cibiyar nazarin jinsi da manufofin zamantakewa. A wajen Najeriya akwai Makerere ta Yuganda da ta buɗe sashenta a 1991, da cibiyar jinsi ta Afirka a Jami'ar Cape Town wadda Farfesa Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna, ta taɓa shugabanta, da cibiyar nazarin jinsi ta CEGENSA a Jami'ar Ghana. A Sudan akwai Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman, wadda tushenta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a 1907, sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya wargaza karatu a can. A Ingila, cibiyar nazarin ci gaba ta Sussex ta yi suna a digiri na biyu kan jinsi da ci gaba, ana kuma neman tallafin karatu na Commonwealth ko na Chevening, wanda ke buƙatar shekara biyu ta gogewar aiki.

Maganar aiki, Baba yana da rabin gaskiya. Babu wani gurbi da ke jiran ki don kawai takardarki ta ce nazarin jinsi. Masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata su ne ma'aikatun mata na tarayya da jihohi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da UNFPA da UN Women, shirye-shiryen da Bankin Duniya ke tallafawa kamar AGILE na karatun 'yan mata, ƙungiyoyin gida masu kare haƙƙin mata irin su WRAPA da FIDA ta mata lauyoyi, sai jami'o'i da kafafen yaɗa labarai. Da yawan waɗannan ayyuka na kwantiragi ne, shekara biyu ko uku, kuma da kuɗin waje suke tafiya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta mai ba ƙasashen waje tallafi, ayyuka da dama suka tsaya cak a Najeriya, mutane suka wayi gari ba albashi. Shi kansa fannin siyasa tana kaɗa shi: Hungary ta soke digirinsa a jami'o'inta a 2018. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce ki fara da sana'a. Lauya idan kuɗin tallafi ya yanke tana komawa kotu, ma'aikaciyar lafiya tana komawa asibiti, malama tana komawa aji, kuma kowaccensu tana ci gaba da yi wa mata aiki daga inda take.

A cikin karatun kuma, abin da zai bambanta ki da saura shi ne dabarun bincike. Ɗalibai suna gudun kwas ɗin ƙididdiga, alhali shi ne ke kawo aiki. Ki koyi tsara takardar tambayoyi, ki koyi Excel sosai, sannan manhajar ƙididdiga irin su SPSS ko Stata ko R, ki iya karanta kasafin kuɗin jiha ki gano nawa aka ware wa asibitocin haihuwa, nawa aka saki. Ki koyi yin hira, wadda ta fi wuya fiye da yadda ake zato: ki zauna a kan tabarma ɗaya da mace, ki bari ta gama tankaɗe, kada ki yi mata tambayar sirri kishiyarta ko surukarta na jin ku, kada ki ɗauki hotonta ko muryarta sai ta yarda bayan ta fahimci inda za a kai, kada ki yi mata alkawarin abin da ba ki da shi. Idan yarinyar da aka yi wa fyaɗe ce, ki san asibiti da lauyan da za ki tura ta kafin ki buɗe baki, kuma ki sani labarin zai bi ki har gida ya hana ki barci, saboda haka ki samu babba da za ki riƙa sauke wa nauyin. Ki gyara Turancinki don da shi ake rubuta rahoto, ki riƙe Larabcinki don da shi za ki buɗe littafi da kanki ba sai an fassara miki ba, idan kin samu dama ki ƙara da Faransanci saboda Nijar da Chadi da Kamaru. Hausarki kuwa kada ki yarda ta lalace, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai gaya wa wadda ke yi masa magana rabi da Turanci ba.

Tunda zawarawa ne suka tsaya miki a rai, ni lauya nake ganin ta fi dacewa da ke, musamman wadda ta haɗa da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake yi a Bayero da Ahmadu Bello. Shekara biyar ce, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, kuma tana buƙatar adabin Turanci a jarabawarki ta kammala sakandare da ta JAMB. Idan lissafi ya fi zauna miki, tattalin arziki. Idan makinki bai kai na lauya ba, ilimin zamantakewa ko nazarin addinin Musulunci ba faɗuwa ba ne, duk suna kai wa ga digiri na biyun da kike so. Ki buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB na bana ki tabbatar da darussan da kowace jami'a ke nema kafin ki cike fom.

Shi kuma Baba, kada ki je masa da gardama, kuma kada ki sa shi a gaban mutane. Ki samu lokacin da ya huta, ki gaya masa kin ji maganarsa, kin yarda ki fara da lauya ko abin da kuka daidaita a kai. Ki ba shi labarin wata bazawara da shi ma ya sani, ki tambaye shi abin da shari'a ta ce a kan haƙƙinta, ki bar shi ya ba ki amsa da bakinsa. Idan akwai malamin da yake girmamawa, ki roƙi Mama ta sa a yi masa magana. In hali ya yi, ku je jami'ar tare, ku shiga sashen ku karɓi jerin kwasa-kwasan, ya karanta da idonsa, ya yi wa malaman duk tambayar da ke ransa. Iyaye suna zuwa mana da irin wannan, kuma muna zama mu amsa musu.